Sunansa a Cikin Kwalbar Gizo-gizo

Masu bibiyata, ku gafarce ni da shirun kwana tara. Na ga saƙonninku duka. Wadda ta rubuto tana tambaya ko amarya ta tare ne, Allah ya saka miki da alheri, ban tare ba. Hannuna ne ya ƙi riƙe waya.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Zulfa, 'yar Malam Kalilu mai atamfa, gidanmu yana Bukan Sidi a nan Lafiya. Ina karatun digiri na biyu a kan gizo-gizo. Ku yi dariyarku, na saba. Umma ma har yau in an tambaye ta abin da nake karantawa, sai ta ce, "Likitanci ne, amma na ƙwari."

Ba irin mai saƙa a kusurwar ɗaki ba ne nawa. Nawa ba ya kafa tarko. Bai fi ƙwayar shinkafa ba, yana lallaɓa ƙuda kamar kyanwa, ya maƙala siririn zare a inda yake tsaye, sannan ya yi tsalle ya cafke. Idanunsa takwas, biyun gaba manya kamar fitilun mota. Abin da ya kama zuciyata tun farko shi ne, duk ƙwaro in ka matso guduwa yake, shi kuwa sai ya juyo ya zuba maka ido, kamar yana jira ka faɗi abin da ya kawo ka.

Shekara biyu da rabi ke nan da na fara ganin wani irinsa a Adogi, a jikin wasu tsofaffin itatuwan ɗorawa guda uku da ke gefen wata gonar doya. Malamata, Dakta Iveren, ta duba littattafanta, ta aika hotuna ga masana a waje, kowa ya ce bai san shi ba. Sai dai duk waɗanda na kama mata ne. Dakta 'yar ƙabilar Tibi ce, Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a bakinta. Ta ce, "Zulfa, mace kawai bai isa ba. Ka nemo namiji."

Dalili kuwa, namijin yana da wasu 'yan hannuwa biyu a gefen bakinsa, ƙarshensu a murɗe kamar haƙoran makulli, kowane iri da nasa fasalin. Sai an auna su, an zana su, sannan a ajiye shi kansa gizon a kwalba cikin sifirit har abada, don duk mai shakka ya zo ya gani da idonsa. In babu kwalbar nan, babu suna. Sai ya zama kamar Allah bai taɓa halittarsa ba, a wurin mutane dai.

Abdulsalam ne ya kama namijin.

Shi ne wanda zan aura, ɗan Hajiya Rabi'a, mai kula da injin shinkafar gidansu. Bara da damina motar Dakta ta lalace, ya ce zai kai mu Adogi da tasa. Da farar shadda ya zo, ta sha guga, ga hula an kafa ta a gefe.

"Yallaɓai, gona za mu fa, ba ɗaurin aure ba," na ce.

"Ai surukaina zan je gaisarwa. Ba a zuwa wa surukai da tsumma."

Muna can muna duba ɓawon itace ni da Dakta, shi yana tsaye nesa yana kaɗe ciyawa daga wandonsa, sai muka ji muryarsa ta ƙanƙance.

"Zulfa. Zulfa! Wani abu yana kallona."

"Ina?"

"A hannun rigata. Wallahi ya ɗaga mini hannu."

"Kada ka motsa!"

"Ni da ko numfashi ban yi?"

Kafin na iso, ya buɗe gidan tabarau ɗinsa da ɗaya hannun, ya kara, gizon ya yi tsalle ya faɗa ciki, ya rufe. Da muka buɗe a hankali, Dakta ta zauna daɓas a ƙasa. Namiji ne, fuskarsa ja ce jawur kamar wanda aka yi wa lalle, ƙafafunsa na gaba baƙaƙe da farin gashi a wuyansu, yana ɗaga su sama yana karkaɗawa. Rawar da yake yi wa mace ke nan. Ya ga kansa a farar shadda, Allah kaɗai ya san abin da ya zata.

A ƙa'idar aikinmu, kowace kwalba sai an saka mata 'yar takarda a ciki, a nutse cikin sifirit ɗin. Da fensir ake rubutawa, don tawada narkewa take. A rubuta wurin, da ranar, da itacen, da sunan wanda ya kama. Ba wanda ya yi bincike ba, wanda hannunsa ya kama. Don haka na rubuta da ƙananan baƙaƙe: Adogi, ɗorawa, Abdulsalam Mele. Ranar har hoton takardar ya ɗauka, yana cewa ya shiga tarihi ta hannun riga.

Bayan wata biyu mai gonar ya sayar da itatuwan wa masu gawayi. Na koma sau goma sha ɗaya. Na duba kaɗanya, na duba mangwaro, na duba kashu. Ko mace ban sake gani ba.

To, ga abin da ya faru.

Ana gyaran rufin ɗakin bincikenmu, sai Dakta ta ce in tafi gida da kwalaben da ƙaramin madubin ƙara girma in ƙarasa zanen. Na jera su a kan tagar ɗakina. Ranar Asabar Yaya Kamila, yayar Abdulsalam, ta zo karɓar awon takalmi da na riga saboda lefe. Ta sha leshi ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, turarenta ya riga ta shiga tsakar gida. Umma ta fito da zoɓo mai sanyi da cincin a farantin baƙi. Muka yi raha, har tana tsokanata wai ƙafata ta fi ta ango girma.

Da aka kira azahar ta ce za ta yi salla, na shimfiɗa mata darduma a ɗakina na fito.

Ta daɗe. Da ta fito, mayafin da ta yafa a kafaɗa ya koma kanta, ta naɗe shi har haɓa.

"Umma, zan wuce."

"Haba Kamila, ko zoɓon ba ki ƙarasa ba?"

"Na ƙoshi."

Ko takardar awon ba ta ɗauka ba. Na bi ta da ita har ƙofar gida, ta shige keke ba ta waiwayo ba.

Ba a yi rabin sa'a ba wayata ta fara ƙara. Abdulsalam.

"Me kika bar wa Yaya ta gani?"

Sai ga hoto. Kwalbata ce a tafin hannunta, an matso da ita sosai. Gizon a ƙasa da jar fuskarsa, ƙafafu a naɗe, ga takarda a tsaye, sunansa da na mahaifinsa raɗau.

"Ta saka a zauren hirar gidanmu na waya. Har danginmu na Maiduguri sun gani."

"Ai ka san mene ne. Ka gaya musu."

"Na gaya musu. Hajiya ta ce ai wanda aka yi wa ba ya sanin an yi masa."

Masu karatu, ku tsaya ku dubi abin da idon Hajiya Rabi'a, don ni ma na duba. Budurwa ta samu ƙwaro mai jar fuska, ta nutsa shi a ruwan da ke warin giya, ta rubuta sunan ɗanki da na ubansa da siririn rubutu, ta toshe, ta ajiye kusa da gadonta. Ga shi tun bara ɗan nan naki ba shi da zance sai nata, abinci ma sai an yi masa magana. Me za ki ce? Ban ji haushinta ba. Da haushi ne da ya fi mini sauƙi.

Da daddare Umma ta shigo ɗakina da tsintsiya a hannu, ko me za ta share ban sani ba.

"Na faɗa miki. Tun ranar da kika fara shigo mini da tautau gida na faɗa miki. 'Ya'yan mutane suna karanta lissafi, ke kin tashi kin bi abin da ake kashewa da takalmi."

"Umma, aikin ne haka."

"Aikin ne ya ce ki sa sunan ɗan mutane a giya?"

"Ba giya ba ce."

"To ki sha in gani!"

Ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka. Ta ce a masallacin mata an daina amsa mata gaisuwa da daɗi. Ta ce ina da ƙanne mata biyu, wa zai zo neman ƙanwar mai asiri?

Washegari saƙo ya iso ta bakin kawun Abdulsalam. Baba zai kai kwalbar da hannunsa, ya dafa Alƙur'ani cewa ita ce, babu wata mai sunan yaron, a ƙone ta a gaban manya. Daga nan a jira kwana bakwai. In har Abdulsalam yana nan a kan bakansa, to son Allah ne, a sa rana. In ba a kawo ba, kowa ya riƙe ɗansa.

Dakta ta ce za ta je ta yi musu bayani da takardu. Hajiya ta aiko cewa ba ta da magana da malamar da ta koyar da abin.

Abdulsalam ya kira ni da hantsi, ina jin ƙarar inji a bayansa.

"Malama, ki kwantar da hankalinki. Ba kina da matan da yawa ba?"

"Bakwai."

"To ki zuba ɗaya a wata kwalba, ki rubuta irin takardar, a ƙona. Wa zai bambance? Hajiya ko kallonsa ba za ta iya yi ba. Ke ki tsira da naki, ni in tsira da tawa."

Na yi dariya, karo na farko a kwana biyu. Na ji kamar an sauke mini dutse. Na zaɓi macen da ta fi girma, na feƙe fensir, na kwaikwayi rubutuna na bara har da inda hannuna ya karkace. Ta ainihin na naɗe ta a safa na tura ƙasan akwati.

Ranar Litinin bayan azahar Baba ya dawo daga kasuwa da wuri. Ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ruwan toka wadda yake zuwa Juma'a da ita, ya zauna a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa ya ce in kawo. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

Ya ɗaga ta ya kalli haske. Ya sa tabarau. Ya ciro wayarsa, ya buɗe hoton da aka turo masa, ya ja shi da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar. Ya dubi nan, ya dubi can. Kaza tana tono a gefenmu, ina jin kowace ƙwaƙular ƙafarta.

"Zulfa'u."

"Na'am, Baba."

"Na hoton nan fuskarsa ja ce. Wannan ruwan ƙasa ne."

Na sunkuyar da kai.

"Shekara arba'in ina sayar da atamfa. Mace takan dawo mini da zane ta ce shi na ba ta, in duba in ga ja ɗin ba ɗaya ba ne." Ya ajiye kwalbar a kan tabarma a hankali. "Alƙur'ani zan dafa, 'yar nan. Da hannun nan."

Bai ɗaga murya ba. Da ya mare ni da na samu abin riƙewa.

"Ni na san ba ki yi komai ba," ya ce. "Tun kina rarrafe kike bin tururuwa har bakin raminta. Ba zan tilasta miki ba. In kin ce a'a, yanzu zan je in ce musu 'yata ta ƙi, su riƙe lefensu, kuma ba wanda zai zage ki a gidan nan ina raye. In kin ce e, ki ba ni na gaskiyar. Amma ba zan rantse a kan wannan ba."

"Baba, shi kaɗai ne. An sare itatuwan."

"Na sani."

"In ya ƙone, shi ke nan, ba wanda zai san an yi shi."

"Wanda ya yi shi ya sani." Ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin riga. "Shi yaron, kina son sa?"

Ba a yi wa uba wannan amsar da baki. Hawayena ne suka ɗiga a kan tabarma, ya gani.

Na ce ya ba ni zuwa la'asar.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na ciro shi daga safa, na zuba a ɗan faranti, na sa a ƙarƙashin madubi. Hannunsa na hagu na riga na zana, saura na dama, saura awon ƙafafu. Fensir ya karye sau biyu. Sai na daina zanen, na tsaya ina kallonsa kawai.

Bari in gaya muku kamanninsa, tunda babu littafin da zai faɗa. Tsawonsa bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Bayansa baƙi ne, amma in haske ya faɗa a karkace sai ya yi kore kamar wuyan tantabara. Akwai layi fari siriri daga tsakiyar kansa zuwa ƙarshen cikinsa, ya rabu biyu a ƙarshe kamar harshen maciji. Ƙarƙashin manyan idanun nan akwai gashi ja a jere, tsaf, kamar an taje. A kan kowane ido akwai 'yan gashi uku a tsaye, sun sa shi kamar mai mamaki. Ƙarshen ɗan hannunsa ya murɗa sau ɗaya da rabi, ya ƙare da ƙugiya mai baki biyu. Dakta ta ce ba ta taɓa ganin mai baki biyu ba. Duk wannan ado a jikin abin da ɗigon ruwan sama ɗaya zai iya nutsar da shi, a bayan wani itace a Adogi, ba don kowa ya gani ba.

Aka kira la'asar. Na mayar da shi, na toshe, na kai wa Baba. Ya duba fuskar, ya gyaɗa kai, ya sa a aljihun gaba. Umma tana bakin madafa, ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

Kafin magariba ya dawo. Bai shiga ɗakinsa ba, ya tsaya a ƙofar nawa.

"An yi."

"Yaya aka yi, Baba?"

"A kasko suka juye. Da aka ƙyasta ashana sai wutar ta tashi shuɗiya."

"Haka sifirit yake ci."

"Na gaya musu. Matan suka ɗau salati, suna cewa kun gani, kun gani." Ya dubi ƙasa. "Bai daɗe ba. Kafin in ƙarasa addu'a babu komai."

Da safe na kira Dakta na faɗa mata. Na ce ina da zanen hagu, ina da hotuna, ina da mata bakwai.

"Zane ba gizo ba ne, Zulfa," ta ce. Sai kuma can, da wata murya, "Ka ci abinci yau?"

Kwana bakwai aka hana mu magana ni da Abdulsalam. Na yi su ina wanke-wanke, ina tsince shinkafa, ina taya Umma ninke zannuwa. Duk bangon da na wuce sai idona ya bi shi. Na yi ta shirya yadda zan gaya masa. Na ce in ya ji abin da na bayar saboda shi, wataƙila ya yi kuka, ya ce za mu bi duk ɗorawar da ke ƙasar nan har mu samo wani. Da wannan tunanin na riƙe kaina.

Jiya da hantsi Yaya Kamila ta dawo da goro da alewa da turmin atamfa biyu. Ta rungume ni ta ce, "Ƙanwata, a yafi juna, shaiɗan ne." An sa rana, bayan Babbar Salla da mako biyu. Umma ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Suna tsakar gida suna rabon goro wayata ta yi ƙara, saƙon Abdulsalam ne. Na shige ɗaki da gudu kamar yarinya.

"Amaryata! Kin ga dabarata ta yi aiki?"

Ga fuskokin dariya guda biyar. Na fara rubuta masa, "Abdul, akwai abin da ban gaya maka ba." Ban kai ga turawa ba wani saƙon ya shigo.

"Wallahi Baba ya iya, ko gezau bai yi ba da ya dafa."

Yatsana ya tsaya. Na ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya daina. Sannan ya shigo.

"Amma Zulfa, wata alfarma. Wancan na ainihin da ke wurinki, ki cire sunana daga ciki. Ba wai na yarda da maganarsu ba ne fa. Kawai dai tun da na ga wutar nan ban samu natsuwa ba. Ki cire, don hankalina ya kwanta."

Na karanta sau uku. A waje Umma tana kirana in zo in zaɓi turmin da za a fara ɗinka mini, mai ruwan goro ko mai shuɗi.

Na goge abin da na rubuta. Tun jiya saƙonsa yake buɗe a hannuna, ya ga na karanta, ya turo alamar tambaya sau huɗu. Ɗazu ya kira, na bar ta ta yi ta ƙara a kan katifa har ta gaji. Umma ta leƙo ta ce, "Ba mijinki ba ne yake kira?"

Na ce mata, "Ban sani ba tukuna, Umma."